Yadda Iyali Za Su Haɗa Kundin Hotuna da Hannunsu, Daga Yin Takarda Har Ɗinki

Da wuya a sami gidan da babu wata leda ko ambulan ko kwalin takalmi da aka cusa hotuna a ciki, tare da sakamakon jarrabawar yara, zanen da ƙaramin gidan ya yi, da wasiƙar wani da ya riga mu gidan gaskiya. Sauran hotunan suna cikin waya, dubu kan dubu, babu mai waiwayar su sai ranar da wayar ta ɓace ko ta faɗa ruwa. Kundin da aka haɗa da hannu yana tattara waɗannan abubuwa wuri guda, kowanne da bayaninsa: wane ne a hoton, a ina aka ɗauka, yaushe, me ya faru ranar. Bayanin nan ya fi komai muhimmanci a aikin. Hoton da ba a rubuta sunan mai shi ba, bayan shekara 40 jikoki za su riƙe shi suna tambayar juna, ba mai ba su amsa. Launi da ado suna da nasu amfani, domin su ne suke janyo yara su zauna a yi aikin tare da su, amma ku sa a ranku tun yanzu cewa rubutu ne kan gaba.

Tantance hotuna

Kada ku ce za ku zuba tarihin gida gaba ɗaya a kundi guda. Masu yin haka sukan gaji tun ba a je ko'ina ba. Ku ɗauki abu ɗaya: shekarar farko ta jariri, ko wata tafiya da aka yi, ko rayuwar kaka tun ƙuruciya. Hotuna 20 zuwa 30 sun isa kundin farko. Idan hotuna biyar suna nuna abu ɗaya, a ɗauki guda, a mayar da sauran.

Kafin a taɓa almakashi ko gam, ku kai hotunan gaban dattawan gida, ku zauna da takarda da fensir. Da tsohuwar zuma ake magani. Su ne suka san wanda yake tsaye a gefen hagu, da dalilin da ya sa wance ba ta cikin hoton. Wannan zaman shi ne wanda ba ya jira, don haka shi za a fara yi, ko da ɗinkin kundin zai ɗauki wata shida. Idan sun yarda a naɗi muryarsu a waya, ya fi, domin hannu ba ya cim ma baki.

In za a yi rubutu a bayan tsohon hoto, a yi da fensir mai taushi, irin 2B ko wanda ya fi shi, a kan tebur mai tauri, ba tare da dannawa ba. Biro yana barin sawu har fuskar hoton, tawadarsa kuma takan ɓata hoton da ke ƙarƙashi. Hotunan zamani masu santsin baya ba sa karɓar fensir sosai, sai a sa musu lamba ƙarama a gefe, a rubuta bayanin a wata takarda dabam.

Akwai ƙa'ida guda da bai kamata a karya ba. Hoton da ba shi da na biyu ba a yanka shi, ba a shafa masa gam. A yi sikaninsa, a buga sabo, a yi duk yanke-yanken da ake so a kan sabon. Na asali ko dai a adana shi dabam, ko a sa shi a kundin ta hanyar da za a iya zare shi lafiya, wadda zan kawo a gaba.

Abin da ke cinye hoto

Kowa ya ga yadda jarida take yin ruwan ɗorawa idan ta kwana biyu a rana. Tun tsakiyar ƙarni na 19 aka koma yin takarda mai araha da niƙaƙƙen itace, kuma a cikin itace akwai wani sinadari da ake kira lignin, wanda haske da iska suke sauya masa launi, yana kuma haifar da asid. Asid ɗin yana karya zaren takarda har ta riƙa marmashewa. Abin da ya fi muni, ba ya tsayawa inda yake: guntun jaridar da aka bari a kan hoto zai bar masa tabo daidai girmansa. Saboda haka shafukan kundi suna buƙatar takardar da aka rubuta a ƙunshinta cewa ba ta da asid, wato ma'aunin asid ɗinta da ake kira pH ya kai 7 ko ya ɗan haura, kuma ba ta da lignin. Wasu kayan sukan zo da alamar PAT, gwajin da ke ƙarƙashin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 18916, wanda ke tabbatar da cewa abin ba zai cutar da hoto ba.

Salatif ya fi komai yaudara. Ranar da aka manna shi kamar ya gama aiki, bayan 'yan shekaru sai ledarsa ta ɓamɓare ta bar tabon da ba ya fita. Ƙusar sitefula da kilif suna tsatsa. Albam mai shafuka masu danƙo da leda a sama, wanda ya yi tashe tun shekarun 1970, ya lalata hotuna ba iyaka, domin gam ɗinsa yana riƙe bayan hoto har ba ya ciruwa sai da yagewa. Idan za ku yi amfani da aljihun leda, ku guji PVC, mai lamba 3 da warin roba mai ƙarfi, ku nemi PP mai lamba 5. Kada kuma a kai takarda mai daraja a yi mata laminatin, don abin da aka rufe da zafi ba ya sake buɗuwa. Rasit da tikitin da injin zafi ya buga ma baƙi ƙirin suke komawa a cikin injin laminatin, in an bar su haka nan kuma rubutunsu ya dushe. Fotokwafinsu ake sa wa a kundi.

Tun daga 1980, lokacin da wata mata mai suna Marielen Christensen ta baje kolin kundayen iyalinta a wani taro a Salt Lake City ta Amurka, sayar da kayan wannan aiki ya zama babbar kasuwa, da shafuka masu inci 12 a kowane gefe da kayan ado iri-iri. Ba dole ne ku mallaki ko ɗaya daga ciki ba. Abin da ake buƙata shi ne takarda mai kauri, kwali, ƙyalle, almakashi, reza, rular ƙarfe, fensir, farin gam na PVA, igiya ko ribon, da abin huda takarda. Takardar ofis da aka saba nauyinta giram 80 ne a murabba'in mita, ta yi shara-shara da yawa. Shafin da zai ɗauki hoto gaba da baya yana son giram 200 zuwa 250.

Ɗinka kundin

Ku ɗauki shafuka 12 masu girman A4, wato santimita 21 da 29.7. Kafin komai ku gano inda zaren takardar ya dosa. Takardar inji zarurrukanta suna kwance ne ta fuska ɗaya. Ku lanƙwasa shafi a hankali ta tsawo, sannan ta faɗi. Inda ya fi saurin lanƙwasuwa, layin lanƙwasar yana bin zaren ne, kuma gefen da za a ɗinka dole ya bi wannan layi. In aka saɓa, shafuka za su riƙa tsayawa ƙiƙam idan an buɗe, gam kuma ya sa su kumbura.

A gefen ɗinki, ku auna santimita 3 daga baki, ku aza rula, ku ja layi da bayan wuƙar tebur ko biron da tawadarsa ta ƙare, yadda zai bar sawu ba tare da yanka ba. Ku lanƙwasa shafin a kan sawun gaba da baya sau ɗaya. Nan ne shafin zai riƙa juyawa.

Sai matakin da mutane da yawa suke tsallakewa, su yi nadama daga baya. Duk hoton da aka ɗora yana ƙara wa shafi kauri, amma gefen ɗinki yana nan yadda yake, sai kundin ya wage baki ya ƙi rufuwa. Maganinsa shi ne a yanka sirarun takardu masu faɗin santimita 2.5 da tsawon shafin, a sa ɗaya ko biyu tsakanin kowane shafi da na gaba da shi, a gefen ɗinki. Su za su cike gurbin tun kafin hotuna su shigo.

Bango kwali biyu ne, kowanne ya ɗara shafi da milimita 3 a sama da ƙasa da bakin buɗewa. Daga kowane kwali ku yanke siririn yanki mai faɗin santimita 2.5, ku sake rage wajen milimita 6 daga babban yankin. Ku shimfiɗa ƙyalle a kife, ku manna yankunan biyu a kai da ratar milimita 6 a tsakaninsu. Ratar nan ce za ta bar bango ya buɗe. Ƙyallen ya zarce kwalin da santimita 2 a kowane gefe, a datse kusurwoyinsa a karkace, a naɗo shi ciki, sannan a rufe cikin bangon da takarda. Rufe cikin ba don kyau kaɗai ba ne: kwalin da aka manna wa abu a fuska ɗaya yana karkacewa idan ya bushe. Gam kuwa a jikin kwali ake shafa shi, siriri, da burushi, daga tsakiya zuwa baki. Ku danne bangon da manyan littattafai ya kwana.

Washegari ku yi huda uku a siririn yankin, ɗaya a tsakiya, biyu santimita 4 daga sama da ƙasa. Ku huda shafi ɗaya ya zama ma'auni, ku bi da shi a kan sauran da sirarun takardun, kada a auna kowanne dabam. Ku zura igiya daga gaba ta hudar tsakiya, ta fito ta sama, ta gangara ta shiga ta ƙasa, ta dawo ta fito ta tsakiya, a ɗaure bakin biyu a kan doguwar igiyar da ta ratsa. Na fi son wannan ɗauri a kan ɗinkin allura na dindindin, domin ana kwance shi a ƙara shafi duk ranar da wani hoto ya ɓullo daga gidan 'yan'uwa.

Yin takarda a gida

Wannan shi ne ɓangaren da yara suka fi so, kuma hanyarsa ba ta sauya sosai ba tun shekara ta 105, lokacin da wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun ya gabatar wa sarkin Sin takardar da aka yi da ɓawon itace, tsummoki da tsohuwar komar kamun kifi. A jiƙa zare, a watsa shi a ruwa, a kwaso shi da raga, a matse, a shanya.

Ku nemi firam biyu na katako masu girma ɗaya, tsofaffin firam ɗin hoto ma sun yi, a cire gilashin da bayan. A ɗaya ku ɗaure ragar taga ko ta gidan sauro, ku ja ta sosai har ta yi tauri, ku kafe ta da ƙananan ƙusoshi. Ɗayan a bar shi fanko, shi ne zai tsare gefen takardar.

Farar takardar ofis da aka gama amfani da ita ta fi dacewa, da ambulan da aka cire wa leda. Jarida tana ba da takarda mai launin toka mai asid, mujalla mai sheƙi kuma ba ta narkewa da kyau. A yayyaga takardar da hannu gutsi-gutsi, kamar santimita 2 zuwa 3, aikin da ɗan shekara uku ma zai iya. A jiƙa ta kwana. Da safe a ɗebi cikin hannu ɗaya a zuba a blanda, a cika ruwa ya kai kashi biyu cikin uku, a niƙa na daƙiƙa 30, a huta, a sake. Ruwa ya fi takarda yawa nesa ba kusa ba, in ba haka ba injin zai ƙone. Babba ne kaɗai zai riƙe blanda, da busasshen hannu. Inda babu blanda, turmi yana yi, sai dai a ƙara haƙuri. Don gane ko ya niƙu, a ɗiga kaɗan a kwalbar ruwa a girgiza. In ana ganin gutsattsari, da saura.

Ku zuba ruwa a bahon da ya fi firam ɗin faɗi, zurfin kamar santimita 10, ku ƙara cikin kofi uku ko huɗu na niƙan takardar. In za a yi rubutu a kan takardar, a dama cokali biyu na dafaffen sitati a ciki, don takardar da ba ta da shi tsotse tawada take yi, rubutu ya baje. A motsa ruwan da hannu kafin kowane tsomi, domin zaren yana saurin kwantawa.

Ku riƙe firam mai raga, ragar tana sama, ku aza fankon a kansa. Ku tsoma su a karkace daga can gefen bahon, ku miƙar da su a ƙarƙashin ruwa, ku ɗago a kwance ba tsayawa. Yayin da ruwa ke tsiyayewa, ku ɗan girgiza hagu da dama, gaba da baya. Girgizar nan ce ke sarƙe zarurruka ta kowace fuska, shi ya sa takardar hannu ba ta da fuskar da zarenta ya dosa. Ku cire fankon a hankali kada ruwa ya ɗiga a kai ya yi rami. Ku kifa ragar a kan ƙyalle mai ɗan danshi da aka shimfiɗa bisa tawul, ku danna bayanta da soso kuna matse ruwan a gefe, sannan ku ɗaga daga gefe ɗaya. Takardar za ta zauna a kan ƙyallen. In ta yage, a mayar da ita baho a sake, babu asara. Ta farko da ta biyu sukan fito da kauri ko da huji, daga nan hannu yake ganewa. Bayan kowace takarda biyu a ƙara niƙa.

A jera su ƙyalle, takarda, ƙyalle, takarda, a aza katako, wani ya hau ya tsaya na minti biyu. Yara sukan yi rububin wannan aiki. A shanya kowace da ƙyallenta a inuwa kwana ɗaya ko biyu, a ɓare, a goge da dutsen guga mara zafi sosai ta bayan ƙyalle. Ragowar ruwan baho a tace shi da rariya kafin a zubar, don niƙan yana toshe bututu. Abin da aka tace a dunƙule a busar, zai yi amfani wani lokaci.

Ana iya watsa busassun furanni, guntayen zare masu launi ko 'yar auduga a cikin bahon. Audugar har ƙarfi take ƙarawa, domin zaren takarda yana gajarcewa duk lokacin da aka sake niƙa shi. In aka zuba ƙananan irin furanni bayan an gama niƙa, aka busar da sauri ba tare da guga ba, za a sami katin da ake shukawa ya tsiro. Sai dai takardar gida ba a san ma'aunin asid ɗinta ba, balle wadda aka rina ko aka sa wa ganye. Ta yi ado a bango, ta ɗauki kanun shafi, ta zauna a bayan hoton da aka sake bugawa, amma kada ta taɓa hoto na asali.

Tsara shafi

A jera komai a kan shafin ba gam, a duba, a matsa, sai an gamsu. Hoto ɗaya ya zama babba a kowane shafi, launuka kada su wuce biyu ko uku, kuma a ware wurin rubutu tun farko. Shafin A4 yana ɗaukar hotuna biyu masu santimita 10 da 15 har da sarari na layi biyar ko shida.

Ga yadda ake riƙe hoto ba tare da gam ya taɓa shi ba. A yanka siririyar takarda mara asid mai faɗin santimita 1.5 da tsawon 5. A sa alama a tsakiyar dogon gefenta na sama, a lanƙwaso hagu da dama ƙasa su haɗu a tsakiya, sai ta yi tsini mai kusurwa uku da fikafikai biyu a baya. Kusurwar hoton tana shiga tsakanin tsinin da fikafikan, gam kuma a bayan fikafikan kaɗai ake sa shi. Guda huɗu suna riƙe hoto, kuma ana zare shi duk lokacin da aka so. Wasiƙa da katin makaranta a yi musu aljihu a jikin shafi, don a iya fito da su a karanta gaba da baya. Ganye ko furen da aka danne a cikin takarda na mako biyu zuwa uku shi ma aljihunsa dabam. Inda hotuna biyu za su fuskanci juna idan an rufe kundin, a sa siririyar takarda mara asid a tsakani, domin danshi yana manne fuskokinsu.

Rubutu da hannu za a yi, da alƙalami mai tawadar da ba ta dushewa kuma ruwa ba ya wanke ta. Ko rubutun mutum bai da kyau, nasa ake so, don wata rana rubutun kansa zai zama abin da ake nema a gani. A rubuta cikakken suna, daga hagu zuwa dama, da shekara da wuri. "Baba" kawai ba ta wadatar ba, jika ba zai san baban wa ake nufi ba. Maganar yaro a rubuta ta yadda ya faɗe ta, ba gyara. A bar kowa ya sami shafinsa: ƙarami a zana tafin hannunsa a sa shekarunsa, ɗan firamare ya rubuta abin da ya tuna, babba ya yi wa kaka tambayoyi ya rubuta amsar. Reza da huda kwali na manya ne. Idan yaro ya manna abu a karkace, a bar shi haka.

Guntayen da suka rage ba sa zama shara. Takardar gida da aka ninka biyu ta zama katin gaisuwa. A warware tsohuwar ambulan a zana siffarta a kan takarda mai launi, an sami sabuwa. Doguwar takarda da aka ninka gaba da baya ta zama ƙaramin kundin da yaro zai cika da kansa. Shafukan mujallar da ba su yi niƙa ba, a yanka su dogaye masu tsini, gindin santimita 2, tsawon 25, a naɗe a jikin tsinke daga gindi zuwa tsini da ɗigon gam, a zare tsinken, a shirya su a zare a yi sarƙar wuya.

Ajiya

Zafi, danshi da haske su ne abokan gabar kundi. Idan danshin iska ya haura kashi 65 cikin 100 ya daɗe a haka, fumfuna takan kama takarda. A ajiye kundin a kwance cikin kwali mai murfi, a kan kanta, nesa da ƙasa, nesa da bangon da ruwa ke duka da tagar da rana ke shigowa. Kada a ƙulle shi a leda, domin tana tsare danshi a ciki. 'Yan ƙunshin silika da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi suna taimakawa, a riƙa sauya su. Gara da kyankyaso suna son sitati da gam, don haka a riƙa fito da kundin ana buɗawa ana dubawa lokaci zuwa lokaci. Da an kammala, a ɗauki hoton kowane shafi da waya a wuri mai haske ba tare da filasha ba, yadda rubutun zai karantu, a tura wa aƙalla mutum biyu a dangi da ba gida ɗaya suke zaune ba.